Shin waya tana iya sanin abin da ban gaya mata ba?

Malama daga Tumfure ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon masana su warware mini wata magana da ta tsaya mini a rai. Ni malamar firamare ce a nan Gombe, kuma ina cikin masu taka-tsantsan da waya: ba na barin lokeshan a kunne, ba na ba wata manhaja izinin kyamara ko makirufo sai wadda ba za ta yi aiki ba sai da su, hotunan 'ya'yana kuwa ba su taɓa hawa Facebook ba. A ganina na toshe kowace kafa. Sai ƙanena da yake karatun kwamfuta ya ce mini akwai wasu ƙananan ma'aunai a cikin waya waɗanda ba a neman izinin mai ita kafin a karanta su, kuma daga gare su kaɗai ana iya gane lokacin kwanciyata da na tashina, da ko a ƙafa nake tafiya ko a Keke Napep, har ma wai da lambar sirrin da nake dannawa idan zan tura kuɗi.

Abin da nake son sani shi ne ko wannan magana gaskiya ce ko kuwa zuzutawa ce irin ta ɗalibai. Idan gaskiya ce, wa yake karɓar waɗannan bayanai, kuma wace cuta za su yi wa mace irina, wadda ba 'yar siyasa ba ce, ba kuma mai dukiya ba?

Injiniya daga Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, sai dai maganar tana buƙatar a rarrabe ta, domin wani ɓangarenta abu ne da yake faruwa kullum, wani kuma abu ne da masu bincike suka nuna zai yiwu a ɗakin gwaji.

Kusan kowace wayar Android ko iPhone tana ɗauke da ma'aunin motsi, wanda shi ne yake juya fuskar waya idan kin karkatar da ita. Da yawa suna da ma'aunin juyi, da ma'aunin maganaɗisu wanda kamfas yake aiki da shi, da ma'aunin haske mai rage hasken fuska da dare, wasu kuma har da ma'aunin matsin iska da yake iya nuna an hau bene. A tsarin Android, wanda shi ne a cikin Tecno da Infinix da itel da Samsung da suka cika hannun mutanenmu, manhaja tana karanta waɗannan ma'aunai ba tare da ta tambaye ki ba, saboda tun asali an ɗauke su a matsayin abin da ba shi da haɗari. Lamba ɗaya daga cikinsu ba ta faɗin komai. Amma idan aka jera lambobin na kwana da kwanaki, sai su zama kamar sawun da makiyayi yake bi a daji, wanda bai ga saniya ba amma ya san inda ta nufa, da ko gudu take yi, da ko tana ɗingishi. Girgizar Keke Napep daban take da ta mota, takun ƙafa daban yake da hawan acaɓa, wayar da ta kwana a kan katifa cikin duhu ba tare da motsi ba daga ƙarfe goma har zuwa asuba ta riga ta bayyana lokacin barcin mai ita. Wannan duka ba ya buƙatar wata gwaninta ta musamman, kuma da shi ne manhajojin ƙirga taku suke aiki.

Batun lambar sirri kuwa daga bincike ya fito. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Newcastle da ke Ingila suka nuna cewa duk lambar da yatsa ya danna tana karkatar da waya ta wata fuska kaɗan, kuma a gwajinsu sun cinki lambar sirri mai lamba huɗu daidai da kashi 70 cikin 100 a karon farko, zuwa karo na biyar kuma sun cinke ta gaba ɗaya. Kafin nan, a 2014, wasu masu bincike na Jami'ar Stanford da abokin aikinsu daga Isra'ila sun nuna cewa ma'aunin juyi yana jin girgizar muryar ɗan Adam har a iya tsinto wasu kalmomi, alhali ba a taɓa makirufo ba. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a yanayin da aka tsara, da ƙididdigaggun lambobi da kalmomi, bayan an horar da na'ura da yadda mutane suke riƙe waya. Saboda haka ba zan ce miki wani yana zaune yana karanta lambar bankinki ta wannan hanya ba. Abin da suka tabbatar shi ne ƙofar a buɗe take, kuma kamfanonin sun yarda da hakan, tunda daga Android 9 aka hana manhajar da ba a buɗe take ba ci gaba da karanta waɗannan ma'aunai, a Android 10 aka sa ƙirga taku a ƙarƙashin izini, a Android 12 na 2021 kuma aka rage yawan karantawar zuwa sau 200 a daƙiƙa ga manhajar da ba ta bayyana buƙatar fiye da haka ba. Wanda yake riƙe da tsohuwar waya da ba ta samun sabuntawa bai ci moriyar wannan gyara ba, kuma irin waɗannan wayoyi ba kaɗan ba ne a garin nan.

Masu karɓar bayanan kuma galibi ba mai manhajar kaɗai ba ne. Manhajar da aka ba ki kyauta sau da yawa tana ɗauke da wani ɗan ƙunshi na kamfanin talla ko na dillalan bayanai a cikinta, shi ne yake tattarawa ya aika. A watan Janairun 2025 jihar Texas ta Amurka ta kai kamfanin inshora na Allstate da reshensa Arity kotu, bisa zargin sun dasa irin wannan ƙunshi a cikin manhajojin wasu kamfanoni suna tattara yadda mutane fiye da miliyan 45 suke tuƙi, da gudunsu da taka birkinsu, domin a yi amfani da shi wajen yanke kuɗin inshora.

Dattijo daga Jekadafari ya amsa:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, mun ƙaru ƙwarai. Amma ina jin tsoron kada mu tsorata wannan baiwar Allah da abin da yake nesa, mu bar na kusa. A shekarun da na yi ina sauraron koke-koken mutane a unguwa, ban taɓa jin wanda ma'aunin motsi ya tona wa asiri ba. Waɗanda na gani suna kuka su ne waɗanda suka ci bashi a manhajojin lamuni, suka ba da izinin lambobin wayarsu da hannunsu, aka wayi gari ana aika wa surukansu da iyayen gidansu saƙon cin mutunci. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin waya da hotuna a 2023. Sauran kuwa su ne waɗanda aka kira su da sunan banki suka karanto lambar da aka turo musu, da matan da wani na cikin gida ya ɗauki wayarsu ya saka abin bibiya. 'Yata, idan kin tsare kanki daga waɗannan, ina ganin kin yi mafi yawan aikin.

Malama daga Tumfure ta sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Injiniya. Maganar Baba ta kwantar mini da hankali ta wani gefen, amma bayanin Injiniya ya tuna mini da manhajar lokutan salla da alƙibla da ke wayata, wadda ita kaɗai ce nake kunna wa lokeshan idan na yi tafiya zuwa Kumo ko Bajoga. Shin irin wannan ma tana cikin abin da ake magana? Kuma idan na kashe lokeshan ɗin bayan na gama, ba shi ke nan ba?

Injiniya daga Tudun Wada ya sake amsawa:

Baba ya yi gaskiya cewa cutar da ta fi yawa a yau ita ce wadda ya lissafa, kuma ba na jayayya da shi a kan haka. Inda na saɓa masa, cikin girmamawa, shi ne dalilin da ya sa bai taɓa jin kuka a kan ɗayar ba. Wanda manhajar lamuni ta ci wa mutunci ya san wanda ya cuce shi, domin saƙon yana nan a rubuce. Wanda aka yi hasashen halinsa daga ma'aunan wayarsa kuwa ba ya sanin an yi, balle ya kai ƙara. Zai dai ga an hana shi bashi, ko an tsauwala masa kuɗin ruwa, ko ɗan damfara ya kira shi daidai lokacin da yake cikin matsi, ya ɗauka tsautsayi ne kawai.

Tambayarki a kan manhajar salla ta faɗa daidai inda abin ya taɓa faruwa a zahiri. A watan Nuwamban 2020 kafar labarai ta Motherboard ta ruwaito cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi suka sauke, tana aika bayanan wuraren masu amfani da ita ga wani dillali mai suna X-Mode, shi kuma yana sayar da bayanai ga 'yan kwangilar da ke aiki da sojojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanai, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. A Janairun 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta haramta wa wannan dillali sayar da bayanan wuraren da suka shafi sirrin mutum irin su asibitoci da wuraren ibada. Ba ina cewa kowace manhajar salla haka take ba. Abin lura shi ne mutanen nan alƙibla kawai suka nema.

Dillalai sukan kare kansu da cewa ba sa ajiye suna, lamba ce kawai a madadin mutum. Wannan kariya ba ta da ƙarfi. A 2013 masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka da Jami'ar Louvain ta Beljiyam suka duba bayanan zirga-zirgar mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, waɗanda aka cire wa suna, suka gano cewa sanin wuri huɗu da lokutansu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Ki auna da kanki, Malama: wayar da take kwana a wani gida a Tumfure, ta yini a wata makarantar firamare daga Litinin zuwa Juma'a, ta je wani gida a Kumo ranar Asabar, mutum nawa ne a Gombe suke da wannan tsari? Da an ware ki kuwa, sauran abubuwa biyowa suke yi. Zuwa asibiti a ranar awon ciki wata bayan wata yana nuna juna biyu tun kafin dangi su sani, zuwa sashen da ake karɓar wani magani na musamman yana nuna ciwon da mutum yake ɓoyewa, kwanan namiji a gida biyu bi da bi yana nuna yawan iyalinsa, yinin kowa a waje kuma yana nuna sa'ar da gida yake zama babu kowa. A ƙasar da ake fama da masu garkuwa da mutane, sanin hanyar da ɗan kasuwa yake bi da ranar da yake bin ta ba ƙaramin abu ba ne.

Addini ma ana hasashensa ba tare da an tambaya ba. A 2014 aka saki bayanan tafiye-tafiyen tasi na birnin New York kimanin miliyan 173, daga baya wani ya nuna cewa ana iya tsinto direbobin da suke tsayawa da aiki daidai lokutan salloli biyar. Ruku'u da sujada kansu suna da tsarin motsi da ma'auni yake iya bambancewa idan waya tana aljihu ko agogon zamani yana hannu. A Gombe sanin mutum Musulmi ne ko Kirista ba asiri ba ne, amma sanin wane masallaci yake zuwa, da wane majalisin karatu yake zama, da wane taron siyasa ya halarta, wannan abu ne da za a iya cutar da shi da shi. Hatta sojoji abin bai bar su ba, domin a Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana zana sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da agogunansu a hannu.

Kashe lokeshan yana da amfani, kada ki daina. Amma ba ya rufe komai. Muddin layinki yana kan sabis, kamfanin sadarwa ya san turken da wayarki take magana da shi, layin kuma an haɗa shi da lambar NIN tun umarnin da aka bayar a Disambar 2020. Binciken Wi-Fi da Bluetooth, wanda shi ma ana gane inda waya take da shi, yana da nasa makunni daban a cikin saiti. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano Google yana ci gaba da ajiye wurare ko da mutum ya dakatar da tarihin wurarensa, maganar da ta kai ga kamfanin ya biya jihohin Amurka 40 dala miliyan 391.5 a 2022.

Abin da zan ba ki shawara a kai shi ne ki fara da rage yawan manhajoji, musamman wasannin yara na kyauta, da na tocila, da masu cewa suna share waya ko sanyaya batir, domin manhajar da ba ta cikin waya ba ta karanta komai. Manhajar salla kuma ki rubuta mata sunan garin da hannu, ai lokutan Gombe ba sa buƙatar ta san ƙofar gidanki. Idan dole ne, ki ba ta izinin lokacin amfani kawai, kuma na kusan-kusan ba na daidai ba. A burauzar Chrome akwai wurin hana shafuka karanta ma'aunan motsi a cikin saitin shafuka. Ki goge lambar talla ta wayar, wato lambar da masu talla suke gane wayarki da ita, a saitin Google, ki kuma karɓi sabuntawa duk lokacin da ta zo, ko da za ta ci data.

Barista daga Bolari ta amsa:

Malama, 'yar'uwata, bari in ƙara ta fuskar doka, domin bai dace a ɗora wa mai waya dukkan nauyin ba. Mace mai aji cike da yara da hidimar gida ba za ta zauna tana gadin ma'aunai ba, kuma ba ita ta ƙera wayar ba.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da na sadarwarsa. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta shafi duk wanda yake sarrafa bayanan mutanen da ke cikin Najeriya, ko da kamfanin a waje yake. Ta ba ki haƙƙin tambayar abin da aka ajiye a kanki, da neman a gyara ko a goge, da janye amincewarki, da ƙin a yanke miki hukunci mai nauyi ta hanyar na'ura kaɗai ba tare da ɗan Adam ya duba ba. Ta kuma ware wasu bayanai da ta ba su kariya ta musamman, cikinsu har da lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin tararsa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumomin ƙasar nan sun nuna suna iya tunkarar manyan kamfanoni, tunda a Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya yana cikin dalilan.

Inda nake ganin za a yi fama shi ne daidai abin da kika tambaya. Kamfani zai ce shi bai karɓi bayanin lafiyarki ko addininki ba, lambobin motsi da wuri kawai ya karɓa, sauran kuwa hasashensa ne. A fahimtata wannan hujja ba ta tsayawa, domin bayanin da ya shafi mutumin da za a iya ganewa bayaninsa ne, ko shi ya faɗa ko an ciro shi ta lissafi. Kotun Tarayyar Turai ta bi wannan hanya a hukuncinta na Agustan 2022 a wata shari'a daga Lituweniya, inda ta ce bayanin da yake bayyana abu mai kariya ta bayan fage shi ma yana ƙarƙashin kariyar. Hukuncin ba ya ɗaure kotunanmu, amma lauya yana iya kafa hujja da shi. Akwai kuma wata cutar da ba a cika ambata ba, wato hasashen da ya yi kuskure: na'ura ta ga kina yawan zuwa asibiti ta rubuta ki cikin marasa lafiya, alhali jinyar mahaifiyarki kike yi, kuma ba ki da hanyar gyara abin da ba ki san an rubuta ba.

Baba ya ambaci na cikin gida da suke saka abin bibiya a wayar wani, kuma ina so in jaddada wannan, domin a nan ne bayanan wuri da na motsi suke komawa makami a hannun wanda ya san ki. Mu da muka tashi da karatun aya ta 12 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana bin diddigin asirin mutane, ba ma buƙatar a koya mana munin abin daga waje. Idan kina zargin wata manhaja, ki rubuta wa kamfanin ta adireshin da ke cikin takardar sirrinsa kina neman kwafin duk abin da ya ajiye a kanki, har da rukunin da ya saka ki a ciki, ki adana kwafin wasiƙar da ranar da kika aika. Idan ya yi shiru ko ya ƙi, sai ki kai koke ga NDPC tare da wannan shaida, kuma kai koken ba ya buƙatar ki ɗauki lauya.